Rufin Asiri Ko Ɓoye Ɓaraka? Labarin Jiragen Ruwa Biyu

 A wannan watan ba da sharhin fim na zo maka kai-tsaye ba, duk da cewa fim ne ya jawo maganar. Wata tambaya ce ta daɗe tana yi mini yawo a rai, na ga gara in baje ta a nan mu duba ta tare.

Kwanakin baya na zauna da wasu abokaina biyu muna kallon All Is Lost, fim ɗin da J.C. Chandor ya ba da umarni a 2013. Marigayi Robert Redford ne ya fito a ciki, shi kaɗai tilo, babu yarinya, babu mugu, babu ɗan barkwanci, magana ma 'yar kaɗan ce. Labarin wani dattijo ne da ke tafiya shi ɗaya a tekun Indiya cikin ƙaramin jirgin ruwansa, irin jirgin nan mai tafiya da ƙarfin iska, wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a jikin dogon ginshiƙi don iska ta tura shi. Dattijon ya farka daga barci ya tarar ruwa yana kwarara cikin ɗakinsa. Ashe wata kwantena ce da ke yawo a kan ruwa ta fasa masa gefen jirgi. Daga nan sai aiki. Ya raba jirgin da kwantenar, ya kwaɓa gam ya liƙe hujin da faiba, ya feƙe itace ya yi wa famfon kwashe ruwa mariƙi, ya wanke rediyonsa da ruwan sha don ya cire gishiri, ya hau ginshiƙi ya haɗa wayar da ta zare.

Ba mu kai rabin sa'a ba sai ɗaya daga cikin abokan nan nawa ya yi tsaki ya ce, "Wai don Allah wannan fim ne, ko koyon kafinta ka kawo mu?" Muka yi dariya. Amma ni kam abin da ya gundure shi ɗin, shi ne ya riƙe ni. Na lura cewa abu na farko da dattijon nan ya yi shi ne ya je ya tsaya a gaban hujin ya ƙare masa kallo, ya auna girmansa da idonsa. Bai kawar da kai ba, bai kuma ce wa kansa ai ƙarami ne ba. Daga wannan kallon duk sauran aikin ya biyo baya.

To ga tambayar tawa. Mu mutane ne masu girmama rufin asiri, har addu'a muke yi wa juna da shi. Amma a ina rufin asiri yake ƙarewa, ɓoye ɓaraka ya fara? Yaushe ne rufe aibi yake zama mutunci, yaushe kuma yake zama cuta? Ban sami wurin da wannan tambaya ta fito fili sarai kamar a kan jirgin ruwa ba, domin shi teku ba a yi masa kwalliya.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda rayuwar irin wannan jirgi take, don ka gane abin da ya sa na faɗi haka. Akwai mutane a Turai da Amurka da Ostareliya da suke mayar da ƙaramin jirgi gidansu, su yi watanni ko shekaru suna ratsa teku daga wannan tsibiri zuwa wancan. A hoto abin sha'awa ne: farin ƙyalle, shuɗin ruwa, rana tana faɗuwa. Amma mafi yawan lokacinsu a gyara yake tafiya, domin tun ranar da aka saka jirgi a ruwan gishiri ya fara lalacewa. Gishiri yana cin ƙarfe, yana shiga wayoyin lantarki ya mayar da su kore. Rana tana ƙona ƙyallen da zaren ɗinkinsa. Igiya in tana gogar wani abu dare da rana, sai ta tsinke a daidai wurin. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ginshiƙi suna gajiya ta ciki ba tare da ido ya gani ba, shi ya sa masu abin suke sauya su bayan kimanin shekara 10 ko da suna ƙyalli. A ƙarƙashin jirgin kuma gansakuka da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suna mannewa su rage masa gudu, sai an fito da shi tudu an kankare, an shafa wani fenti na musamman. Har wani guntun ƙarfen tutiya suke ɗaurawa a ƙasa, don ruwan gishiri ya cinye shi a maimakon ya ci farfela. In ya ƙare ba a sauya ba, cin ya koma kan abin da ake karewa.

Ka ga ke nan duk wani abu da ke jikin jirgin yana da ranar da zai gaza. Aikin mai jirgi shi ne ya riga ranar. Kuma in gazawar ta zo a tsakiyar teku, babu makaniken da za a kira, babu kantin da za a aika yaro. Abin da ka ɗauko da abin da ka iya, su ke nan.

Akwai wani labari na gaskiya da ya ƙunshi duk abin da nake son faɗa. A 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta sa gasar da aka kira Golden Globe: mutum ɗaya, cikin jirgi ɗaya, ya kewaye duniya ba tare da ya tsaya a ko'ina ba, ba tare da kowa ya taimaka masa ba. Shekara guda kafin nan Francis Chichester ya kammala irin wannan kewayen shi kaɗai, amma ya yada zango sau ɗaya a Sidni. Saura a ga wanda zai yi babu zango. Aka ce kowa ya tashi tsakanin 1 ga Yuni da 31 ga Oktoba. Wanda ya fara dawowa yana da kofi, wanda ya fi kowa sauri yana da fam 5,000. Hanyar kuwa ita ce a gangara tekun Atlantika, a zagaya ƙarshen Afirka ta Kudu, a bi ta kudancin Ostareliya, a zagayo ƙarshen Kudancin Amurka, a hauro gida. Wancan ruwan na can kudu shi ne mafi haɗari, domin babu ƙasar da ke tare iska, igiyar ruwa tana tashi kamar bene. Mutum tara suka shiga gasar. Mutum ɗaya ne ya gama.

Wanda ya gama ɗin shi ne Robin Knox-Johnston, ɗan shekara 29, ma'aikacin jiragen dakon kaya. Jirginsa mai suna Suhaili tsawonsa ƙafa 32 ne kacal, na katako, an ƙera shi a Bombai ta Indiya, kuma shi da kansa ya tuƙo shi daga can zuwa Ingila. Jirgi ne mai nauyi, marar sauri, ba a ba shi wata dama ba. Amma Robin ya san shi ciki da bai. Ya tashi daga Falmouth ranar 14 ga Yuni, 1968.

Bayan kamar wata guda, ya wuce tsibiran Kef Bade, sai ya lura ruwan da ke taruwa a cikin jirgin ya fi ƙima. Nan fa, mai karatu, ka tsaya ka lura. Yana da famfo. Yana iya ci gaba da kwashe ruwan safe da yamma ya ce ai jirgin katako dama yakan yi yoyo. Bai yi haka ba. Ya sa tabarau na ninƙaya ya nutsa ƙarƙashin jirgin, a tsakiyar teku, shi kaɗai, ya ga doguwar tsaga tsakanin katakai kusa da gindi. Ya gwada cusa auduga, irin yadda ake toshe tsakanin katakan jirgi, ta ƙi zama domin a cikin ruwa yake aikin, numfashi kuma ba ya jira. Sai ya hau sama ya ɗinke audugar a jikin wani siririn tamfol, ya shafe da kwalta, ya koma ya kafe shi da ƙananan ƙusoshi, daga baya ya bi da sillen jan ƙarfe ya rufe. Ana cikin haka wani kifin shak, mai cin mutane, ya zo yana kewaya shi. Ya fito ya ɗauko bindiga ya harbe shi, ya jira ya ga babu wani, ya koma ruwa ya ƙarasa aikinsa.

Wannan somin-taɓi ne. Da ya shiga ruwan kudu igiyar ruwa ta kwantar da jirgin, ruwan shansa ya gurɓace, ya koma tarar ruwan sama daga jikin ƙyallaye. Rediyonsa ta daina aika saƙo, aka yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Na'urar da ke riƙe masa sitiyari in yana barci ta yi ta karyewa yana gyarawa, har kayan gyaran suka ƙare a wajejen Ostareliya, ya koma daidaita ƙyallaye yadda jirgin zai riƙe hanya da kansa. Ƙyallayen kuma kullum cikin ɗinki. Haka ya lallaɓa har ya dawo Falmouth ranar 22 ga Afrilu, 1969, bayan kwana 312. Jirgin ya dawo da tsatsa da faci ko'ina, amma da ƙafarsa ya dawo.

Na biyun shi ne Donald Crowhurst, wanda Colin Firth ya fito a matsayinsa a fim ɗin The Mercy da aka nuna a sinimomin Ingila a 2018. Kafin nan an yi fim ɗin gaskiya a kansa mai suna Deep Water a 2006. Donald ɗan shekara 36 ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu, mai kaifin ƙwaƙwalwa a harkar lantarki, yana da ƙaramin kamfani da ke ƙera na'urar nuna wa matuƙa hanya. Kamfanin yana tangal-tangal, sai ya ga wannan gasa ita ce mafita. Tuƙin jirgi kuwa na ƙarshen mako ya iya, bai taɓa doguwar tafiya irin wannan ba. Ya sami wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin ƙera jirgin, bisa sharaɗin in ya janye da wuri zai sayi jirgin da kuɗinsa. Ma'ana, in ya janye, gida da kamfani sun tafi.

Jirgin nasa, Teignmouth Electron, mai gangar jiki uku ne, babba a tsakiya da ƙanana biyu a gefe. Irin wannan jirgi yana da gudu, amma yana da aibi guda: in ya kife ba ya tashi, saɓanin irin na Robin mai nauyi a gindi, wanda in ruwa ya kwantar da shi yake miƙewa da kansa. Donald ya ƙirƙiro dabarar wata jaka a saman ginshiƙi da za ta kumbura ta hana jirgin kifewa gaba ɗaya. Lokaci ya ƙure ba a gama haɗa ta ba. An ƙera jirgin cikin gaggawa, ya tashi ranar 31 ga Oktoba, ranar ƙarshe da doka ta yarda, kaya a warwatse, wasu ma an bar su a tudu. Cikin abin da babu har da tiyon famfon kwashe ruwa. Da ruwa ya fara shiga gangar gefe, sai da bokiti yake kwashewa, kuma dole sai ya fita waje ya buɗe murfi, abin da ba zai yiwu ba in teku ya haukace. Notunan na'urar sitiyari kuma sai kwancewa suke yi suna faɗawa ruwa.

Ga wurin da labarin ya fi taɓa ni. Kada ka ɗauka Donald bai ga matsalarsa ba. Ya gani sarai. A tsakiyar Nuwamba, mako biyu da tashinsa, ya zauna ya rubuta duk abin da ya lalace a jirgin, ɗaya bayan ɗaya, da duk zaɓin da yake da shi, ya ƙiyasta cewa in ya shiga ruwan kudu a haka, rayuwa da mutuwa rabi da rabi ne. Babu makaniken da zai yi binciken da ya fi wannan gaskiya. Abin da ya rage shi ne mataki na biyu: ya ɗauki rediyo ya faɗa wa waɗanda suke jiransa. Nan ne ya kasa. Gaba mutuwa, baya talauci da kunya. Gaba kura, baya sayaki.

Sai ya zaɓi hanya ta uku. A Disamba ya aika saƙo cewa ya yi tafiyar mil 243 a yini guda, jaridu suka ɗauka. Ya buɗe littafin tafiya na biyu, wanda yake rubuta wuraren da bai je ba, da lissafin rana da ya ƙirƙira don ya dace da su, aikin da ya fi rubuta na gaskiya wahala nesa ba kusa ba. Daga Janairun 1969 ya yi shiru a rediyo har kimanin mako 11, yana ta kewaye a kudancin Atlantika, mutane suna zaton yana can wajen Ostareliya. A watan Maris, da gangar gefe ta tsage, ya saci jiki ya sauka a wani ƙauye a gaɓar Ajantina ya samo katako da ƙusoshi ya yi faci, wanda hakan kaɗai ya fitar da shi daga gasar in da an sani. Ka duba wannan abu da kyau. Hannunsa ya iya gyara, kansa ya iya lissafi. Amma mafi yawan basirarsa ta tafi wajen gyaran littafi, jirgin kuwa yana nan yadda yake.

Ga dukkan alamu, shirinsa shi ne ya jira sauran su zagayo, ya bi bayansu ya dawo a matsayin wanda bai ci komai ba, yadda babu wanda zai damu ya binciki littafinsa. In ka tambaye shi a lokacin, ina jin cewa zai yi, "Wa na cuta? Asirina kawai nake rufewa, da na iyalina." Kuma wallahi da yawanmu za mu gyaɗa kai.

To amma akwai mutum na uku. Nigel Tetley, hafsan sojan ruwa, shi ma jirginsa Victress mai ganga uku ne, kuma shi da gaske ya zagaya duniyar. Jirgin ya jigata, yana ɓallewa a hankali, yana buƙatar a lallaɓa shi. Sai Tetley ya ji labarin cewa Donald yana biye da shi a guje, zai iya ƙwace masa kyautar sauri. Ya ƙara wa jirgin wuta. Ranar 21 ga Mayu, 1969, saura mil dubu da 'yan kai ya isa gida, jirgin ya farfashe ya nutse. An ceto shi da rai, amma wahalar wata takwas ta bi ruwa. Yana tsere ne da mutumin da bai taɓa barin Atlantika ba.

Nutsewar Tetley ita ta rufe wa Donald ƙofa. Yanzu shi ne zai zama mafi sauri, za a tarbe shi da taro, masana za su zauna su bi littafinsa layi-layi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A makonnin ƙarshe hankalinsa ya gushe, ya cika shafuka da rubutu mai rikitarwa har kimanin kalma 25,000. Rubutunsa na ƙarshe na ranar 1 ga Yuli ne. Ranar 10 ga Yuli wani jirgin dakon kaya mai suna Picardy ya tsinci jirginsa yana yawo, babu kowa a ciki. Ba a taɓa ganin gawarsa ba. Littattafan da suka tona gaskiyar kuwa yana iya jefa su a ruwa, amma a cikin jirgin ya bar su.

Yanzu mu koma kan tambayarmu. Abin da na fahimta daga waɗannan jirage biyu shi ne, gyara yana da matakai uku, kuma biyu na farko ba aikin hannu ba ne. Na farko ka yarda ka kalli ɓarakar. Na biyu ka faɗa wa duk wanda nauyinsa ke kan abin. Na uku ne ɗaukar guduma. Robin ya yi na farko da na uku, na biyun bai taso masa ba domin shi kaɗai ne a kan katakon da ya tsage. Donald ya yi na farko, ya taɓa na uku, ya tsallake na biyu, kuma wannan tsallaken ne ya cinye shi ya haɗa da wani.

Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya raba rufin asiri da ɓoye ɓaraka tambaya ɗaya ce: wa zai taka wannan katakon? In aibin naka ne kai kaɗai, ya wuce, babu wanda zai jingina da shi ya faɗi, to rufe shi mutunci ne, mai tona shi kuma ɗan tsegumi ne. Amma in akwai wanda zai ɗora ƙafarsa, ko kuɗinsa, ko shekarunsa a kan abin da ka san ya tsage, to shirunka ya tashi daga sutura ya koma tarko. Masu sayen tsohon jirgi a ƙasashen da ake wannan harka sun san haka, shi ya sa kafin su biya suke ɗauko masani ya fito da jirgin tudu, ya bi jikinsa yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma yana saurare, domin wurin da ya ruɓe ta ciki ƙararsa daban ce ko da fentinsa sabo ne. Shi fenti ba laifi ba ne, jirgi ma yana buƙatarsa don ya kare shi daga ruwa da rana. Magana ita ce, bayan gyara aka shafa shi, ko a madadin gyara?

Na san za ka iya ce mini, "Malam, kana zaune a inuwa kana yanke wa mutumin da ke tsakiyar teku hukunci. Da kai ne fa?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Donald ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Uba ne da bashi ya shaƙe, ga 'yan jarida sun riga sun yi masa kirari, ga gari guda ya sa masa ido. Sau da yawa mu masu kallo mu ne muke sa faɗin gaskiya ya yi tsada. Mutum ya ce ya kasa, mu yi masa dariya. Ya janye, mu ce rago ne. In al'umma ta mayar da "na kasa" abin kunyar da ya fi mutuwa, to kada ta yi mamaki in ta sami masu littafi biyu. Wannan kason laifin namu ne, na yarda.

Sai dai duk da haka ban yarda cewa ba shi da zaɓi ba. A wannan gasar dai wasu sun janye, suka juya suka shiga tashar jirgi mafi kusa suka ce jirgi ya gaza ko jiki ya gaza, suka koma gida suka ci gaba da rayuwarsu. Da Donald ya yi haka a Nuwamba, da wataƙila ya rasa gida. Amma 'ya'ya huɗu da sun tashi da ubansu. Abin da tsoro yake yi wa mutum ke nan, ya girmama masa asarar da ke kusa, ya ƙanƙanta masa wadda ke nesa. Ita ɓaraka kuma ba ta tsayawa yadda ka bar ta. Tsagar da za a toshe da auduga yau, gobe sai an sauya katako, jibi sai an sauya jirgi. Ƙarya ma haka take, kowace safiya sai ka yi mata sabon lissafi don ta dace da ta jiya. Shi ya sa Hausawa suka ce raminta ƙurarre ne.

Mu masu son fim da littafi muna da wani hali da ya kamata mu duba. Mun fi son wurin da abu ya fashe: ranar da asiri ya tonu, ranar da aka yi saki, ranar da jirgi ya nutse. Masu shirya fim ma sun san haka, shi ya sa labarin Donald ya fi jan su a kan na Robin. Mutumin da ke ɗinkin ƙyalle kwana 312 ba ya sayar da tikiti. Amma in ka duba rayuwarka, mai karatu, ko ke 'yar'uwa mai karatu, za ka ga yawancinta irin ta Robin ce. Aure, abota, sana'a, amanar da aka ba ka, duk jirage ne da ke zaune cikin ruwan gishiri. Ba sai an yi hadari suke lalacewa ba, zama kawai yana cin su. Maganar da ta ɓata wa abokinka rai ka ga alama ka share, kuɗin haɗin gwiwa da ya yi giɓi ka ce sai wata mai zuwa ka faɗa, ciwon da kake ji ka ɓoye wa masu dogaro da kai, duk ruwa ne da ke taruwa a ƙasan jirgi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kana iya yin shekaru kana kwashewa da bokiti kana murmushi, amma wata rana sai an nutsa an duba.

Kada kuma ka fahimce ni da cewa ina kiran a daina rufa wa juna asiri. Ƙarshen labarin nan ma shi ya nuna mini asalin rufin asiri. Da gaskiya ta bayyana, Robin ne kaɗai ya gama gasar, saboda haka kofin da fam 5,000 duka suka zama nasa. Ya ɗauki kuɗin gaba ɗaya ya bai wa iyalin Donald. Mutumin da aka so a yi wa maguɗi, shi ya tallafi marayun wanda ya yi maguɗin. Bai ce ƙaryar ba ta faru ba, bai kuma tsaya yana tozarta mamaci ba. Gaskiya ta riga ta fito, babu sauran wanda zai taka ruɓaɓɓen katako, abin da ya rage mace ce da yara huɗu a cikin kunya da rashi, sai ya lulluɓe su. Wannan shi ne fenti bayan gyara.

Su jiragen biyu fa? Teignmouth Electron ya yi ta sauya hannu har ya ƙare a yashe a bakin ruwa a tsibirin Cayman Brac da ke yankin Karebiyan, rana da iska suka yi ta cinsa. Suhaili kuwa an taɓa ajiye shi a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan, sai busasshiyar iskar ɗakin ta fara motsar da katakansa. Robin ya ɗauke abinsa ya sake gyarawa ya mayar da shi ruwa, har ya fito da shi a Falmouth a 2018 lokacin bikin cika shekara 50 da gasar.

Abokin nan nawa da ya yi tsaki, har yau bai yarda cewa All Is Lost fim ne mai daɗi ba, kuma ban matsa masa ba. Na dai ce masa in ya koma gida ya tuna abu guda a rayuwarsa da ya san yana yoyo, wanda kuma wani yake tsaye a kai bai sani ba. Kai ma, mai karatu, ga aikin gida nan na ba ka. Ni ma ina da nawa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.